Ba Duk Mai Fiffike Ne Ɓarawo Ba

Ƙannena da 'ya'yana na ƙasar Ƙwanni, Malbaza da Illela, idan Agusta ya raba tsakiya, hatsi ya fitar da kai, ku shiga gona ku tanƙwaro zangarniya ɗaya ku dube ta da kyau. Wani lokaci za ku ga wata 'yar hanya ta nannaɗe ta daga gindi zuwa sama, kamar an murɗa mata igiya, wurin ya yi fayau babu ƙwaya, sai busasshen fure da kashin tsutsa. Aikin murzuna ke nan. Uwarta wani ƙwaro ne mai fiffike da ke yawo da dare, yana zuba ƙwai a kan sabon kai. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe sai ta kutsa tsakanin furen, tana yanka tana zagayawa. In ta ƙoshi ta sauko ta nutse cikin ƙasa, ta yi kwanciyarta duk tsawon rani tana jiran damina ta gaba. Tun bayan babban farin shekarun 1970 ta zame wa manoman Sahel ƙarfen ƙafa, kuma a shekarar da ta yi tsanani tana iya raba mutum da fiye da rabin abin da ya noma.

Feshi bai cika yi mata komai ba. Tana ɓoye cikin zangarniya, karan ya fi mai feshin tsawo, kuma kuɗin maganin da zai game gonar hatsi ya fi ƙarfin aljihun mai gonar. Wanda ya iya da ita wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne dangin zanzaro, bai kai ƙwayar shinkafa ba, ba ya harbin mutum, masana na ce masa Habrobracon hebetor. Ɗan ƙasa ne, dama can yana tare da mu, sai dai rani na karya yawansa, kafin ya farfaɗo murzuna ta gama ɓarnarta. Macen takan sami tsutsar ta harbe ta ta sandare, ta saka ƙwai a jikinta, 'ya'yanta su cinye ta. Masu bincike na cibiyar INRAN da ke Maraɗi, cikinsu har da Ibrahim Baoua wanda daga baya ya koma Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, tare da abokan aikinsu na ICRISAT da na Burkina Faso da Mali, tun wajen 2006 suka daidaita hanyar kai wannan ƙwaro ƙauye. Ɗan ƙaramin buhu ne na algarara, a zuba masa ɗan hatsi da tsutsotsin da aka kiwata a ɗaki, a saka matan ƙwaron 'yan kaɗan, a ɗinke. Bayan mako guda da 'yan kwanaki sai sabbin 'ya'ya su fara fitowa ta ƙofofin saƙar, su bazu cikin gonaki. Buhu kamar 15 ake raba wa gari guda, gabas da yamma, kudu da arewa da tsakiya.

Wannan buhu ba na gonar mutum ɗaya ba ne. Ƙwaron bai san iyakar gona ba, don haka ko gari ya yi tare ko a haƙura. Kuma aikin yana son ƙafa: wanda zai zaga ya ga ranar da hatsi ya fara kai, ya sanar da malamin gona da wuri, da wanda zai rataye buhun a reshe inda ruwa ba zai jiƙa shi ba, tururuwa ba za ta hau ba. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya, kuma lokacin ya faɗo daidai cikin babban hutun makaranta. Amma mutum guda da ya goya famfo ya fesa piya-piya a waken da ya shuka ƙarƙashin hatsinsa yana iya hallaka ƙwarin da aka saki a wannan ɓangare, ya tafi gida bai san ya kashe kowa ba.

A kowace gona akwai masu ɓarna, akwai masu cin masu ɓarna, kuma na biyun nan ba su taɓa tsayawa neman kuɗin ƙwadago ba. Yawancin yaƙin da muke yi da ƙwari da tsuntsaye da ɓeraye ba ya raba su. Hannun da ke yaƙin kuwa naku ne. Ku ake goya wa famfo, ku ke riƙe da danƙo, ku ake aika kasuwa sayo maganin ɓera. Shi ya sa na ga da ku ya kamata a yi maganar.

Mu fara da famfon. Ƙasarku ƙasar noman rani ce. Ruwan Maggiya da aka tare a madatsun Mozage da Zango shi ke shayar da filin noman Ƙwanni mai faɗin hekta fiye da 2,400, ga albasar Galmi da sunanta ya kai Abijan da Akara. Inda ganye ke kore a tsakiyar rani kuwa, nan kowane ƙwaro zai tattaro. Ƙananan ƙwarin nan da ke ɓuya a hammatar lawashi su tsotse shi har ya yi fari-fari, su ne ke sa mai albasa feshi ba ƙaƙƙautawa. Da yake kuna bakin iyaka, maganin feshi ba ya wuyar samu: ga shi a teburin ɗan tireda, wani cikin kwalbarsa ta asali, wani an ɗura shi a gorar ruwa ba suna ba takarda. Sau nawa kuka ga saurayi yana feshi da tsakar rana, ƙafa ba takalmi, baki ba a rufe ba, famfon na ɗiga a gadon bayansa, in ya toshe ya sa baki ya hura? Da yamma ya ce kansa na juyawa, a ba shi nono a ce zai karya dafin. Nono ba ya karya wannan dafi. Asibiti ake zuwa, a tafi da kwalbar don likita ya ga abin da ya shiga jiki.

Akwai kuma abin da ba a gani da ido. In ka fesa wa ƙwari magani iri ɗaya yau da gobe, 'yan kaɗan ɗin da suka jure su ke haihuwa, 'ya'yansu su gaji juriyar. Gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi da sauran masu farautarsu kuwa, waɗanda ba su hayayyafa da sauri, sun riga sun mutu. Sai manomi ya ce maganin bana jabu ne, ya ninka awo, ya haɗa iri biyu. Masu noman irin albasa sun fi kowa asara a nan, domin furen albasa ba ya ƙulla iri da kyau sai ƙudan zuma da ƙudaje sun zaga shi. Wanda ya fesa guba a kan fure da hantsi, lokacin da suke tsakiyar aiki, ya rage wa kansa tiyar iri da hannunsa.

Ban ce a jefar da famfo ba. Akwai ranar da babu makawa. Amma kai ɗan makaranta, sau da yawa kai kaɗai ne a gidan ke iya karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba. Ƙasashen ƙungiyar CILSS suna da kwamiti a Bamako da ke tantance magungunan feshi ya ba su lamba; duba ko akwai ta. Duba awon, duba kwana nawa ake jira kafin a tsinki tumatir ko kabeji. Hukumar kare tsirrai ta daɗe tana horar da 'yan sa-kai a ƙauyuka, waɗanda ake kira birgadiye; ka san na garinku, ka bi shi ka koya. Ka gwada jiƙon 'ya'yan dogonyaro da tonka da ɗan sabulu tun ƙwarin ba su yi yawa ba. Wake kuma in za a adana, buhun PICS mai rufi uku yana kashe ƙwaron ta hanyar toshe masa iska, ba sai an jefa ƙwayar guba a abin da za a ci ba. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada ƙanwarka ta ɗebi ruwa ko mai da ita.

Gayya abu ne mai ƙarfi, iyayenku sun ga abin da samariya ta gina zamanin Seyni Kountché. Amma gayyar da ba ta tsaya ta duba ba tana iya yin ɓarnar da mutum ɗaya ba zai iya ba. A 1958 gwamnatin Mao Zedong a ƙasar Sin ta shelanta yaƙi da abubuwa huɗu: ɓera, ƙuda, sauro da gwara. Laifin gwara cin hatsi. Aka fito da jama'a kwansu da kwarkwatarsu, 'yan makaranta a sahun gaba, ana kaɗa tukwane da ganguna don kada tsuntsun ya sami wurin sauka har ya faɗo don gajiya, ana rushe sheƙa, ana fasa ƙwai. Aikin ya ci, gwara ta kusa ƙarewa. Masana da suka buɗe cikin tsuntsun suka tarar ba hatsi kaɗai yake ci ba, ƙwari yake kai wa 'ya'yansa. Fara da tsutsa suka sami sarari. A 1960 aka cire gwara daga jerin aka sa kuɗin cizo, amma ƙasar ta riga ta shiga yunwar 1959 zuwa 1961 da ta ci miliyoyin rayuka. Yunwar tana da dalilai da suka fi wannan girma, amma kisan gwara ya ƙara mata nauyi. Yaran nan ba mugaye ba ne. An ce su kashe, suka kashe.

Kakanninku, a wannan fage, sun fi waccan gwamnati hangen nesa. Shamuwa tana zuwa gab da damina, ta yi sheƙa a itacen tsakar gari, har kan dangar gida, babu mai jifarta. Ana cewa ita ke tafe da ruwa. Ko ma mene ne dalilin da suka bayar, sun kare tsuntsun da babban abincinsa fara ce da tsutsa; masu bincike da suka bi ta a gabashin Nijar sun ga yadda take taruwa inda fara ta yi yawa. Balbela ma haka, tana bin garke tana tsince abin da kofato ya tayar. Ba su isa su tare farar dango irin ta 2004 ba, wadda ta haɗu da ƙarancin ruwa ta jawo wahalar 2005. Wannan aikin hukuma ne da jiragenta. Amma farar gida da ke tashi daga ƙasarku kowace shekara, tsuntsaye na rage ta ƙwarai. Kuma in an yi feshin fara a wuri, kada ku tsinto wadda ta faɗi ku kai wa masu suya. Abin da ya kashe ta yana jikinta.

Kada ku ɗauka ina cewa kowane tsuntsu waliyyi ne. Jan-baki ɓarawo ne na gaske. Wanda ya taɓa wuni a kan rumfar gona yana ihu yana kaɗa gwangwani tun asuba ya san haka, kuma ba zan ce masa ya yi haƙuri ba. A kore shi, a kama shi da raga a ci, kamar yadda ake yi a kewayen tafkin Cadi. Abin da nake ƙi shi ne a zuba guba a bakin ruwa ko a jiƙa hatsi da ita a watsa, domin kurciya da zabon daji da kajin maƙwabci duk nan za su ci, shaho da shirwa kuma su ci gawarsu.

Yanzu ga wadda kuka fi zalunta: mujiya. Da ta yi kuka a kan soro sai a ce tana kiran mutuwa, yara su fito da duwatsu, in aka sami sheƙarta a kogon itace ko rufin aji a kashe 'ya'yan. Ku je ƙarƙashin inda take kwana ku duba ƙasa. Za ku ga wasu dunƙule-dunƙule masu duhu, girman babban yatsa. Ba kashi ba ne, abin da ta amayo ne bayan ta haɗiye abincinta ɗungurungum. Ku sa tsinke ku warware ɗaya a kan takarda: gashi ne, da ƙananan ƙasusuwa, da ƙoƙon kai mai dogayen haƙoran gaba masu ruwan ɗorawa. Ɓera ne. Duk daren duniya aikinta ke nan, in tana da 'ya'ya kuma ta ninka. A Malesiya masu gonakin shinkafa da kwakwar manja akwatuna suke kafa mata a kan dogayen sanduna don ta zauna, haka ma manoma a Isra'ila da Jodan. Wasu na gina mata ɗaki, mu muna jifarta, sannan mu sayo maganin ɓera mu barbaɗa a bayan randa inda yaro mai rarrafe ke kaiwa. Ɓeran da ya ci maganin ba nan take yake mutuwa ba. Yakan fito yana tangaɗi, kyanwa ko mujiya ta ɗauke shi, ita ma ta bi shi.

In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Rumbun da gindinsa ke cike da shara da karan bara, shagon da buhuna ke jingine da bango a ƙasa, ragowar tuwo a buɗe, su ne gayyata. Sharar unguwa rana ɗaya, da toshe ramuka, da ɗaga buhu a kan katako, da tarko a kowane gida a mako guda, sun fi guba aiki, domin in gida ɗaya ya yi shi kaɗai, na maƙwabci za su cike gurbin. Masu bincike a Yamai sun nuna cewa baƙin ɓeran nan mai dogon wutsiya da ke hawa rufi baƙo ne, hanyoyin fatauci yake bi yana shiga garuruwa. Garin da manyan motoci ke kwana a cikinsa irin Ƙwanni, sai ya sa ido a sito da tasha.

Mutanen Illela kuma suna da darasin da ba su bukatar kowa ya koya musu. A 1989 wani shiri da asusun FIDA ke tallafawa ya kai wasu manoman yankin ƙasar Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ramuka a faƙo ana zuba taki. Suka dawo suka inganta nasu ramukan da ake kira tassa, har faƙon da babu mai kallonsa ya zama abin saye da sayarwa a wajen Badagishiri. Wa ke ƙarasa aikin tassa bayan mutum ya ajiye fartanya? Gara. Takin ke jawo ta, ta huda ƙasa mai tauri da hanyoyinta, ruwan sama ya bi ya nutse maimakon ya gudu. Ita ce dai garar da ke cin azarar ɗaki da gindin rumbu. A rumbu a yaƙe ta, a tassa a bar ta ta yi aikinta. Wanda ya ce zai shafe ta daga ƙasa baki ɗaya bai san gonarsa ba.

Addini bai bar mu a duhu ba a nan. Ya zo a Buhari da Muslim cewa akwai halittu masu cutarwa, irin ɓera da kunama, da aka halatta kashewa ko a Harami. Ya kuma zo a cikinsu cewa wani annabi da tururuwa ɗaya ta ciza ya sa aka ƙone gidansu duka, Allah ya yi masa faɗa a kan haka. A wasu ruwayoyin an hana kashe ƙudan zuma da alhudahuda da kwaɗo. Ku tambayi malamanku na zaure su buɗe muku waɗannan babuka.

To me za ku yi a makaranta? Ni dai ba na sha'awar ƙungiyar da aikinta riga da hula da hoto ranar 3 ga Agusta, a dasa itace ba a ƙara leƙa shi ba. Littafin rubutu guda ɗaya da aji zai riƙe, a miƙa wa ajin baya in an wuce, ya fi wannan amfani. A rubuta ranar da aka ga shamuwar farko, da yawan sheƙarta a garin. A rubuta ranar da hatsi ya fara kai, a ƙirga zangarniya ɗari a ga nawa murzuna ta taɓa. A Niyu Zilan, inda gwamnati ta ƙudura a 2016 cewa za ta raba ƙasar da ɓeraye da wasu baƙin dabbobi masu cinye tsuntsayenta kafin 2050, 'yan makaranta na ajiye kati mai tawada a cikin ɗan bututu su karanta sawun abin da ya bi da dare, kafin a san irin tarkon da za a kafa. Ku ba ku bukatar tawada. Ku tankaɗe toka a gindin rumbu da magariba, da safe ku kira tsohon maharbin garinku ya nuna muku sawun ɓera, da na gafiya, da na jaɓa wadda ƙwari take ci ba hatsi ba, da na bushiya. Masu kusa da tafkin Ɗan Dutsi a ƙasar Bagarawa, wanda aka sa cikin jerin dausayin duniya na Ramsar a 2005, su roƙi malami ya kai su lokacin sanyi su ga tsuntsayen da ke tasowa tun daga Turai. Idan kuna sassabe, ku bar wa gawo da sabara da kalgo toho su tashi, irin yadda manoman Maraɗi suka yi tun shekarun 1980. Tsuntsu mai cin ƙwari yana son reshen sauka.

A littafin nan ku ware shafi ɗaya don ungulu. Ku tambayi iyayenku yadda take cika mahauta da bayan kasuwa suna yara, sannan ku je ranar kasuwar Gidan Idar ko ta Badagishiri ku ƙirga da idonku. Tun 2015 ƙungiyar IUCN ta sa ungulun gari cikin halittun da ke bakin ƙarewa. Guba da ake sa wa mushe don karnuka ko dila na kashe ta, haka masu sayen kanta da ƙwanta don tsibbu. A Gine Bisau kaɗai, a 2020, an tsinci fiye da 2,000 a mace. Indiya ta ga ƙarshen wannan hanya: wani maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kusa share ungulayenta a shekarun 1990, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, aka haramta ba dabbobi maganin a 2006 bayan ɓarna ta riga ta auku. A Nijar akwai dokar farauta da kare namun daji ta 1998. Idan wani baƙo ya zo garinku ya yi muku tayin kuɗi don ku hau itace ku ɗebo masa ƙwan ungulu, ko ku nuna masa inda take kwana, kada ku yi musu da shi, kada kuma ku taru ku tare shi. Ku ce ba ku sani ba, ku je ku gaya wa mahaifinku ko maigari, su kai maganar ga ma'aikatan gandun daji.